Kafin ka sayi tsohuwar waya a Ingila

A Kano idan mai shago ya ce maka waya 'yar Landan ce, yabonta yake yi, kuma a Farm Centre har ƙarin kuɗi ake ɗora mata. To, ga ka yau a Landan ɗin da kanta, ko a Manchester ko Birmingham, kuɗin makaranta da na haya sun cinye abin da ka zo da shi, wayar da ka taho da ita kuma ta fara gajiya. Sayen ta hannu dabara ce mai kyau, ni ma ita nake riƙewa. Sai dai abin da muka saba dubawa a gida, wato gilashi da kyamara da ƙarar sifika, ba shi ne babban abin tsoro a nan ba.

Abin tsoron shi ne wayar da za a toshe bayan ta shigo hannunka. Kowace waya tana da lambar IMEI, za ka gan ta idan ka danna *#06#. Da zarar an kai rahoton cewa an sace waya ko ta ɓata, sai a sa lambarta a jerin waɗanda aka hana, daga nan babu layin ƙasar nan da zai yi aiki a cikinta. Akwai masu karɓar waya a kan biya wata-wata, su sayar maka da ita sabuwa fil a farashin da zai sa ka yi murna, bayan mako biyu ko uku su ce ta ɓace don inshora ta biya su. Ranar ciniki komai lafiya lau, sai wata safiya ka tashi babu sabis. Na ga ɗalibar da hakan ta faru da ita, kuɗin cefanenta na wata guda suka tafi, mai sayarwar kuma ya goge shafinsa. Shafin CheckMEND yana bincika tarihin lambar a kan kuɗi kaɗan, amma abin da ya riga ya faru kawai yake nunawa. Saboda haka ka nemi rasidin asali, kuma idan arahar ta yi yawa, ka tuna araha ba ta ado.

Shi ya sa nake ba sabon zuwa shawarar ya fara da shago, irin su CeX da ke kusan kowane babban gari, ko Back Market a intanet. Za ka ƙara fam kaɗan a kan farashin Facebook Marketplace ko Gumtree, amma doka tana bayanka. Dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai matsala ka karɓi kuɗinka idan daga ɗan kasuwa ka saya, ko da tsohon kaya ne. Cinikin da kuka yi da wani a bakin tashar jirgin ƙasa ba ya cikin wannan kariya.

Idan dai sai a hannun mutum za ka saya, ku haɗu da rana a wurin jama'a. Ya fita daga iCloud ko asusunsa na Google a gabanka, ya goge wayar, kai kuma ka kunna ta ka sa layinka ka kira wani. iPhone da ke ɗaure da asusun wani ba ta da amfani, kar ka yarda da “zan turo maka lambar sirrin anjima”. Gwada layin yana da wata fa'ida: sai a Disambar 2021 hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta hana sayar da waya a kulle da kamfani ɗaya, don haka wasu tsofaffin suna nan da kullensu. Lafiyar batir kuwa, idan ta yi ƙasa da kashi 80, ka cire kuɗin sabon batir daga farashin.

Kar ka sayi wadda ta tsufa har ta daina karɓar sabuntawa. A nan waya ce bankinka, ita ce tikitinka, tunda motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, kuma takardar zamanka ma yanzu ta intanet ce tun da katin izinin zama na BRP ya ƙare a ƙarshen 2024. Ka tabbatar tana da NFC, wato fasahar da ke aiki idan an kara waya a jikin na'ura, don da shi ake biya a shago, da shi manhajar shige da fice ke karanta fasfo.

Sai maganar layin gida, wadda 'yan'uwa ke yawan mantawa. Za ka so layinka na MTN ko Airtel ya zauna a kunne saboda saƙon banki da kiran Hajiya. Galibin iPhone na Ingila gurbin layi ɗaya gare su, na biyun eSIM ne, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba. Wadda aka shigo da ita daga Amurka kuwa, daga iPhone 14 zuwa sama, ba ta da gurbin ko ɗaya. Ka buɗe gefen wayar ka gani da idonka kafin ka tura kuɗi.