Birki Ya Yi Tauri Kamar Dutse: Inda Masu Haɗa Mota da Hannu Suka Fi Yin Kuskure

A tsakiyar zafin Afrilu wani saurayi mai walda ya turo motar da ya ƙera da hannunsa zuwa garejinmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Shasin shi ya yanka ya haɗa, injin na tsohuwar Golf ne, kayan birki kuwa daga Ƙofar Ruwa ta Kano ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya burge ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, sau uku ina fitar da iska, amma feda na nan kamar na taka dutse, motar kuma ba ta tsayawa."

Na ce masa, "Ɗana, ka ɓata man birki a banza." Iska in ta shiga layin birki laushi take sa feda, ka taka ta lotsa kamar soso. Tauri ba aikinta ba ne. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa, har wasu tsofaffin hannu suna yin sa.

Inda ya kamata a fara dubawa shi ne busta, baƙin kwanon nan mai zagaye da mastar birki, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ke ɗaure a jikinsa. Shi ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi, kuma da zuƙar iskar inji yake aiki. Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Kashe inji, ka taka birki sau 5 har ya yi tauri, ka riƙe ƙafarka a kai, sannan ka tayar da mota. In fedar ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, busta lafiya lau yake. In ba ta motsa ba, ko dai zuƙa ba ta isowa, ko kuwa robar cikinsa ta yage.

A nan ne mutane ke gaggawar sayen wani busta, alhali sau da yawa laifin tiyon da ke kawo masa zuƙa daga inji ne. Ka zare shi daga jikin busta inji yana silo, ka ɗora babban yatsa a bakinsa: ya kamata ya kama yatsan da ƙarfi. Mai agogon awon zuƙa ya nemi kusan inci 18 a kan agogon. Saurayin nan tiyon ruwa ya sa, irin wanda ake ban ruwa da shi. Da safe yana aiki, amma da rana ta take, zafin Katsina ya haura digiri 40 ga na inji a kai, sai ya yi laushi, zuƙa ta manne shi ya toshe kansa. Tiyon busta mai kauri ne, da zare a cikin naman robarsa, kuma babu abin da ke maye gurbinsa. Akwai kuma ɗan bawul a kan hanyar, wanda ke barin iska ta bi waje ɗaya kawai, daga busta zuwa inji. Hura shi da baki ka gani. Na sha ganin an juya shi baibai.

Wanda ya ɗora injin dizal ya sani cewa manifol ɗinsa, wato bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, ba ya ba da zuƙar da busta ke so, sai an haɗa da famfon zuƙa, wanda a wasu motocin yake manne a bayan altaneta. Injin babur mai fistin ɗaya ma zuƙarsa tsinke-tsinke take zuwa. Ƙaramar mota mai irin wannan inji gara a yi mata birki marar busta tun farko.

Da muka sauya tiyo fedar ta yi sauƙi, amma ba yadda nake so ba. Na leƙa ƙasa da tocila, sai na ga ya yanke fedar ya gajarta ta don kujera ta samu wuri. Wannan ne abin da masu ƙira suka fi rainawa, kuma shi ya fi ci mini rai, domin awo ne kawai na minti 2. Feda kamar ƙarfen ɓanɓare taya take: tsawonta ne ƙarfinta. Auna daga ƙusar da take lilo a kai zuwa inda ƙafa ke taka, ka raba da tazarar da ke tsakanin ƙusar da ramin sandar da ke tura masta. Santimita 30 a kan 5 ya ba ka 6, abin da birki marar busta ke nema ke nan. Mai busta kusan 4 ya wadatar. Ta saurayin nan ko 3 ba ta kai ba. In za ka huda sabon rami kusa da ƙusar, ka tabbata sandar tana shiga masta a miƙe, ba a karkace ba.

Haka zancen masta. Ana ɗauka babba ta fi ƙarfi, shi ya sa ake ciro ta bas a ɗaura wa ƙaramar mota. Akasin haka ne. Faɗin bakin masta in ya tashi daga milimita 19 zuwa 25, ƙarfin da ƙafarka za ta sa ya kusa ninkawa kafin taya ta ji matsi iri ɗaya.

Akwai wani taurin mai yaudara. Ka bar Katsina lafiya, kafin ka kai Mashi a hanyar Daura feda ta ƙame, mota tana nauyi, wili ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Yawanci sandar turi ce ta yi tsawo, ta hana fistin ɗin masta komawa mazauninsa, ɗan ramin da mai ke komawa kofi ya toshe. Mai ya yi zafi ya kumbura, ba shi da mafita, sai ya riƙe birki. A rage sandar har feda ta samu ɗan wasa kafin ta kama. Man inji ko na giya da aka zuba a kofin birki shi ma yana kumbura robobi ya jawo haka. Man birki na ainihi, irin mai lambar DOT 3 ko DOT 4, shi kawai ake zubawa. Kalifa kuwa, wato abin da ke matse faifan birki a jikin wili, in ƙurar hunturu da tsatsa suka ƙame ta, a kwance ta a wanke.

Fedar saurayin sabuwa muka yi masa daga ƙarfe guda, ban yarda da wadda aka yi wa jonin walda ba. Da la'asar muka kai motar wani fili da babu yara babu 'yan acaɓa, ya ja ta a giya ta biyu, ya taka, tayoyin gaba suka ja layi biyu a kan yashi. Na sa ya maimaita sau 10, ina taɓa kowane wili da bayan hannu, kafin na bar shi ya hau kwalta.