Darasi na 7: Tara Tsofaffin Sulalla

Tara sulalla ba ya buƙatar jari. Ku fara da canjin da aka ba ku a babbar kasuwar Maradi. Ku zube shi a kan tabarma, ku duba ɗaya bayan ɗaya.

Kowane sule yana da lamba biyu da za ku karanta: darajarsa da shekararsa. Wanda aka rubuta wa 25 shi ne dala biyar, mai 100 kuwa dala ashirin. A jikinsa za ku ga alamar kifi ta BCEAO, babban bankin da ke fitar da kuɗin sefa na Afirka ta Yamma. Dala hamsin mai launi biyu ta fito a 1992, dala arba'in da dala ɗari suka biyo baya a 2003. Ku ware guda ɗaya na kowace shekara, wanda rubutunsa bai goge ba.

Daga nan sai ku je wajen tsofaffi. An ƙirƙiro sefa a 1945, kuma har yanzu akwai gidajen da tamma ta zamanin Faransa, mai kan barewa, take kwance a ƙasan adaka. Da yake fataken Maradi sun daɗe suna zirga-zirga zuwa Katsina da Kano, ana samun kwabo da anini masu huji na zamanin Ingila, da sulallan da Nijeriya ta yi amfani da su kafin zuwan naira a 1973. Ku nemi izini cikin ladabi, ku tambayi kaka yadda abin ya zo hannunta. Labarin nan ku rubuta shi a littafi, tare da shekarar sulen da ƙasarsa.

Don Allah kada ku goge tsohon sule da toka ko yashi ko lemun tsami. Zai yi ƙyalli, amma zanensa ya tafi ke nan, darajarsa ta faɗi. Ku riƙe shi ta gefe, ku naɗe kowane a takardarsa daban, ku ajiye inda danshin damina ba ya kaiwa.

A kula da ƴan damfara. Azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ana rubuta mata 1780 ko da an buga ta shekaru da yawa bayan haka, kuma jabunta ya yawaita. Kafin ku biya, ku kai wa maƙerin farfaru da kuka yarda da shi ya auna.

Aiki: ku zo aji da sulalla uku, ku rubuta shekarunsu daga mafi tsufa zuwa sabo.