Jinyar wanda aka cire wa ƙarin dubura ba tare da yanka ciki ba

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gusau, kuma abin da ke tayar mini da hankali game da wannan aiki shi ne ba ya barin tabo a waje. Ta dubura likita ke zura bututu mai kyamara, ya yanke ƙarin, ya ɗinke daga ciki. Dangi su duba ba su ga ɗinki ba, sai su ce Baba ya warke. Alhali ciwon yana can inda ido ba ya kai, ga shi wuri ne na kunya.

Don haka a samu mutum ɗaya da majinyacin ba ya jin nauyinsa, matarsa ko ƙaninsa, ya riƙa tambayarsa kullum abin da ya gani a bayan gida.

Fara da fitsari. Tsofaffin maza sukan kasa yinsa bayan aikin. In awa 8 ta wuce bai yi ba, mara ta kumbura, a kai shi asibiti a sa masa robar fitsari.

Jini kaɗan a jikin kashi ba abin tsoro ba ne. Amma guda-guda, ko jini mai zuba tare da jiri, wannan asibiti ne ko da tsakar dare, kuma yana iya ɓullowa har bayan mako guda, lokacin da hankalin kowa ya kwanta. Kar a sayo masa diclofenac ko ibuprofen a kemis, suna ƙara zubar jini. Tramadol kuwa yana busar da kashi, yunƙuri ya ɓalle ɗinki.

Zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri: don Allah kar ku tsaya maganin maleriya a gida. Mai yiwuwa ɗinkin ne ya buɗe. Ku nufi asibitin da ke da likitan tiyata, kamar asibitin tarayya na FMC Gusau, da takardar sallama a hannu. Mace kuma in ta ga iska ko kashi na fita ta gabanta, ta faɗa wa likita a ranar.

Kuɓucewar tusa ko ɗan kashi yakan ragu cikin makonni. Ku rufa masa asiri, ku tanadi ruwan ɗumi a buta.

A ba shi ruwa sosai, kunu, gwanda, miyar kuɓewa, a rage yaji. Maganin basir na cusawa kuwa, ko wa ya kawo shi, a'a.

Sakamakon gwajin ƙarin da aka cire shi zai nuna ko ana buƙatar wani aikin. Ku koma ku karɓa a ranar da aka ba ku, ko da Baba ya fara fita masallaci.