Yadda Za Ka Saita Kyamara a Wurin Bikin Dare Ba Tare da Hoto Ya Yi Tsaki-Tsaki Ba

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton kamu ko dina a zauren biki ya san halin da ake shiga: fitilu kala-kala a rufi, ango da abokansa cikin farar shadda mai ƙyalli, amarya cikin leshi mai duwatsu, ƙawaye 'yan anko ba sa tsayawa wuri ɗaya. Idan aka dawo gida aka buɗe hotunan a kwamfuta, sai a tarar fuskoki sun yi duhu, bango kuma ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Yawancin masu koyo sukan ɗora laifin a kan ISO, ko su yanke hukunci cewa kyamarar ce ta gaza, su fara tara kuɗin sayen wata mai yawan megafiksel. A ganina duka biyun kuskure ne. Abin da ke ɓata hoton dare shi ne ƙarancin hasken da ya isa kan sensa, kuma kowane saiti da za ka taɓa ya kamata ya amsa tambaya ɗaya: yaya zan shigar da haske mai yawa ba tare da motsi ya ɓata mini hoton ba?

Ya kamata a fara da fahimtar ita kanta sensar, wato farantin da ke bayan lens wanda ke karɓar haske ya mayar da shi lantarki. Haske ba ya sauka a kanta kamar ruwan famfo, yana sauka ne ƙwaya-ƙwaya kamar yayyafi, kuma saukarsa ba ta da tsari. Idan ka jera kofuna a tsakar gida lokacin yayyafi na ɗan lokaci, wani kofin zai sami ɗigo bakwai, wani goma sha biyu. Amma idan aka yi mamakon ruwa, kofunan za su kusan daidaita. Haka fiksel-fiksel na sensa suke, wato ƙananan ɗigogin da ke kanta masu karɓar haske. Lissafin masana ya nuna cewa idan fiksel ya karɓi ƙwayar haske 100, saɓanin da za a samu tsakaninsa da maƙwabtansa yana kai wajen 10, wato kashi 10 cikin ɗari. Idan kuwa ya karɓi 10,000, saɓanin 100 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari kacal. Wannan saɓanin shi ne mafi yawan tsaki-tsakin da ido ke gani. Lambar ISO ba ta ƙara haske kuma ba ta rage shi. Aikinta shi ne ɗaga ƙarfin abin da sensa ta riga ta karɓa, kamar yadda ake ƙara sautin rediyon da tasharsa ba ta kama sosai ba, shi ya sa ake jin shuu ɗin tare da maganar.

Daga nan ne girman sensa yake da tasiri. Babbar sensa, wadda ta gaji girmanta daga fim mai milimita 35, tana da faɗin milimita 36 da tsayin 24. Matsakaiciya da ake kira APS-C a kyamarorin Nikon da Sony da Fujifilm tana da wajen 23.5 da 15.6, ta Canon kuma ta ɗan fi ƙanƙanta, 22.3 da 14.9. Ta tsarin Micro Four Thirds, wanda Olympus da Panasonic suka ƙaddamar a 2008, tana da 17.3 da 13. Ke nan babbar sensa ta ninka APS-C a faɗin fili fiye da sau biyu, ta kuma ninka Micro Four Thirds kusan sau huɗu, kuma idan saiti ɗaya aka yi amfani da shi, gwargwadon haka take tara haske. Wannan riba ce ta gaske, amma ka lura da iyakarta: tsakanin babbar sensa da APS-C mataki ɗaya ne da ɗan ɗoriya, idan muka kira ninkin haske sau biyu mataki guda.

Yanzu kwatanta wannan da abin da lens zai ba ka. Lambobin ƙofar haske, wato ramin cikin lens da ke buɗewa ko tsukewa don haske ya wuce, suna tafiya ne kamar haka: f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, kuma duk lokacin da ka matsa gaba da lamba ɗaya, ka rage rabin hasken. Lens ɗin 18-55mm da ake haɗawa da yawancin ƙananan kyamarori yana tsukewa zuwa f/5.6 idan ka janyo shi ƙarshe. Lens ɗin 50mm mai f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a wurin kamfanoni da yawa, yana shigar da haske kusan ninki goma a kan wancan. Hoton da zai tilasta maka ISO 12,800 da lens na farko, da na biyu zai sauko ƙasa da 1,600, a kan tsohuwar kyamararka ɗin nan da kake shirin sayarwa. Saboda haka ga mai ɗan kuɗi kaɗan a hannu, shawarata a kullum ita ce ya fara da lens. Sai dai a tuna cewa a kan APS-C, 50mm yana ganin abin da 75mm ko 80mm ke gani a babbar sensa, don haka a ƙaramin falo inda babu wurin ja da baya, 35mm mai f/1.8 ya fi dacewa.

Idan ka shiga zauren, bi wannan jeri wajen saiti, kuma kada ka juya shi. Ka sa kyamara a kan M, wato saitin hannu, ka fara da saurin shota, wato tsawon lokacin da ake barin haske ya sauka a kan sensa, domin hoton da motsi ya mayar dishi-dishi ba shi da magani, alhali tsaki-tsaki ana iya rage shi daga baya. Ga ango da amarya a zaune, 1/125 na sakan ya wadatar. Ga masu shigowa a jere suna takawa a hankali, ka hau 1/250. Idan kiɗa ya kankama ana liƙi, hannuwa suna sama kuɗi na zuba, kana buƙatar 1/500. Kada na'urar hana girgiza da ke cikin kyamara ko lens ta yaudare ka: tana gyara rawar hannunka ne kawai, ba ta tsayar da kan amaryar da ta waiga ba zato.

Bayan shota sai ƙofar haske. Ga mutum ɗaya ko biyu da suke daf da juna, buɗe ta zuwa f/1.8 ko f/2, ka ɗora fokas a kan idon da ya fi kusa da kai. Ga hoton dangi mai sahu biyu ko uku, dole ka tsuke zuwa f/4 ko f/5.6, in ba haka ba na gaba za su fito sarai, iyayen da ke baya kuma su dushe, kuma wannan hoton ne iyalin za su fi neman a wanke musu.

ISO shi ne na ƙarshe, kuma a nan ne nake so a daina jin tsoro. Ka bar shi a kan na atomatik, ka sa masa iyakar da ba zai wuce ba. 6,400 iyaka ce mai kyau ga yawancin manyan sensa na shekarun baya-bayan nan, 3,200 kuma ga APS-C, ko da yake idonka ne zai yanke hukuncin ƙarshe. Mafi munin abin da masu koyo ke yi shi ne su kafe a ISO 400 don gudun tsaki, su ɗauki hoto mai duhu a JPEG, sannan su je kwamfuta su ɗaga haskensa. Abin da ke fitowa ya fi na ISO 3,200 muni nesa ba kusa ba, domin hasken da ya shiga ɗaya ne, amma an zubar da bayanan inuwa tun a cikin kyamara.

Akwai wani abu a cikin sensa na zamani da ya cancanci a sani. Ban da tsakin da ƙarancin haske ke haifarwa, ita kanta lantarkin kyamarar tana ƙara nata yayin karanta sensa, kuma da yawa daga cikin sababbin sensa suna da hanyar karatu biyu: ɗaya ta haske mai yawa, ɗaya ta duhu mai ƙarancin tsaki, wadda kyamara ke komawa kanta idan ISO ya kai wata lamba. A Sony a7 III ta 2018 lambar ita ce 640, a Nikon Z6 ta wannan shekarar kuma 800. Amfanin wannan a aikace shi ne, a kan a7 III inuwar hoton ISO 640 ta fi ta ISO 500 tsabta, abin da ya saɓa wa tunanin mutane da yawa. Sannan daga wannan lambar zuwa sama, ɗaga ISO a kyamara da ɗaga haske a kwamfuta sakamakonsu ya kusan zama ɗaya, muddin RAW kake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin hoto mai ɗauke da bayanan sensa kafin kyamara ta sarrafa su. Kana iya gwada taka kyamarar a gida: ka kafa ta a kan ƙafa uku a ɗaki mai duhu, ka bar shota da ƙofar haske yadda suke, ka riƙa canza ISO kaɗai, sannan ka daidaita hasken hotunan a kwamfuta ka duba inuwarsu. Rabin awa ya isa, kuma za ka san kyamararka fiye da yadda kowane talla zai sanar da kai.

RAW ba ado ba ne a wannan aikin. JPEG yana ajiye matakan haske 256 ne ga kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa yana ajiye 16,384, kuma wannan tazarar ce ke ceton hoton bikinmu, inda farar shadda da baƙar fata ke haɗuwa a cikin firam ɗaya. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani matsakaicin toka-toka. Idan babbar riga fara ta cika firam, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, fuskar mai rigar kuma ta nutse. Maganin shi ne ka ƙara diyyar haske, wato saitin da ke gyara hukuncin ma'aunin, da +0.7 ko +1, kana kallon jadawalin histogiram, wanda ke nuna duhu a hagu da haske a dama, ko alamar gargaɗin da ke ƙyaftawa a inda fari ya ƙone. Ka tura hasken zuwa dama a jadawalin har ya kusan taɓa bangonsa, amma kada ya hau shi a kan rigar ango, domin aikin ɗinkin da ya ƙone ya zama fari fat ba ya dawowa. Fitilun rufi da ƙyallin duwatsun leshi kuwa, ƙyale su su ƙone; babu wanda zai nemi bayani a cikinsu. Wannan batun fuska yana damuna ƙwarai, domin na sha ganin kundin biki mai tsada wanda kayan jiki suka fito da kyau amma mutanen cikinsu ba a gane su sosai, ko kuma an wanke fatarsu a kwamfuta har ta koma launin da ba nasu ba.

Sai matsalar fitilu. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Ghana tana juyawa sau 50 a sakan, don haka fitilu da yawa, musamman dogayen ƙwai da LED masu araha, suna ƙyaftawa sau 100 a sakan ba tare da ido ya lura ba. Kyamara tana lura. Idan shota ya fi 1/100 sauri, za ka ga hotuna biyu da aka ɗauka a jere sun bambanta a haske da launi, ko ka ga ratsi-ratsi sun gitta hoton. Abin ya fi tsanani idan ka kunna shota marar sauti, wato na lantarki, domin a yawancin kyamarori sensa tana karanta hoton layi-layi daga sama zuwa ƙasa a hankali, fitilar kuma ta ƙyafta sau da dama kafin a gama. Kyamarori irin su Sony a9 ta 2017 da Nikon Z9 ta 2021 suna karantawa da sauri sosai har matsalar ta ragu, amma ga sauranmu dokar mai sauƙi ce: a ƙarƙashin fitilar zaure ka yi aiki da shota na inji, ka kunna saitin hana ƙyaftawa idan kyamararka tana da shi, kuma idan mutane suna zaune ka sauka zuwa 1/100. Idan aka koma kan janareta, sake ɗaukar hoton gwaji, domin juyawar wutarsa ba lallai ta tsaya daidai a 50 ba.

Game da launi, kada ka bar daidaiton fari, wato saitin da ke gyara launin hoto bisa launin fitila, a kan atomatik yana yawo daga hoto zuwa hoto. Ka tsayar da shi a lamba ɗaya, wajen 3,200 na ma'aunin Kelbin ga fitilu masu ja-ja, wajen 5,500 ga farare da filasha, ka gyara sauran a RAW gaba ɗaya.

Idan duk wannan bai isa ba, ka kawo haskenka. Filashar da ake ɗorawa a kan kyamara, idan aka juya kanta zuwa farin silin ko farin bango, tana dawo da haske mai laushi wanda ba ya sa goshi ƙyalli. Walƙiyarta gajera ce ƙwarai, ita ce ke tsayar da motsi, don haka kana iya barin shota a 1/100 ko 1/125, ISO a 800 zuwa 1,600, domin hasken zauren ya fito a baya maimakon mutane su zama kamar an ɗauke su a cikin rijiya. Kada ka wuce 1/200 ko 1/250, iyakar da yawancin kyamarori ke daidaitawa da filasha. A ƙarƙashin rumfar da aka yi wa ado da yadi ja ko shuɗi, kada ka harba haske sama, domin zai dawo da launin yadin a kan fuskoki. Ka yi amfani da farin kati ko ƙaramar lema mai tace haske a gefe.

Abu na ƙarshe da za ka duba kafin ka fita shi ne tsabtar sensa, musamman a lokacin hunturu da bukukuwa ke yawa kuma ƙura ke ko'ina. Ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16, ka ɗauki farin bango, ka duba ko akwai ɗige-ɗige. Idan akwai, ka kifa bakin kyamara ƙasa ka hura da abin hura iska na roba, ba da baki ba, ba kuma da gefen riga ba. A wurin bikin kuma, idan dole ne ka canza lens, ka kashe kyamara, ka juya wa fanka baya, ka kuma riƙe sabon lens ɗin a shirye kafin ka cire na farko.