Yadda ake koya wa kanel saukar baƙi a kan masarrafan Intel da AMD

Ɗalibin da ke Damagaram wanda ya samu tsohuwar saba mai masarrafin Xeon ko Opteron, yana kuma son ya ga kwamfuta tana gudana a cikin wata kwamfuta da kanel (wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta) ɗin da ya rubuta ko ya gyara da hannunsa, yana da dukkan abin da aikin yake bukata. Intel ta fitar da VT-x, wato ƙarin umarnin masarrafi domin wannan aiki, a shekarar 2005, AMD ta biyo da AMD-V a 2006, don haka da wuya a samu saba mai masarrafin Intel ko AMD da ke aiki a yau wadda ba ta da ɗaya daga cikinsu. Kafin zuwansu, masarrafan x86 suna da wasu umarni, kamar POPF, waɗanda idan manhajar da ba ta da cikakken iko ta zartar da su sai su wuce shiru ba tare da kanel ya samu labari ba, abin da ya tilasta wa masu gina irin wannan tsari su riƙa sake rubuta umarnin baƙo, wato kwamfutar da ke gudana a cikin wata, yayin da yake gudana. Sabon tsarin ya raba aiki gida biyu, na mai masauki da na baƙo. Baƙo yana zaune a zaure yana harkarsa, amma duk lokacin da ya nemi wani abu daga cikin gida sai an kira mai gidan. A kan wannan aka gina manhajojin saukar baƙi irin su KVM, wanda ya shiga Linux 2.6.20 a 2007, da bhyve na FreeBSD.

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka tanadi hanyar ganin saƙonnin kanel ta kafar siriyal a wata kwamfuta ta daban, domin kuskure a wannan aiki yakan sa na'ura ta daskare ko ta sake tashi ba tare da ta bar komai a allo ba. Ya fi kyau ka fara gwaji a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, da KVM tare da kunna damar saukar baƙo a cikin baƙo, sai aikin ya kankama sannan ka koma kan sabar kanta. Wannan zai rage maka jiran tashin saba, wanda yakan ɗauki mintuna, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi da ɗaukewar wuta suke haɗuwa, ƙaramar kwamfuta mai batir ta fi riƙe aiki.

Matakin farko shi ne tambayar masarrafi ko yana da wannan dama. A Intel, umarnin CPUID mai lamba 1 yana ba da amsa a bit na 5 na rajistar ECX. Daga nan sai ka karanta rajistar IA32_FEATURE_CONTROL mai adireshin 0x3A: idan bit na 0 a kulle yake alhali bit na 2 babu komai, to BIOS ne ya rufe ƙofar, kuma babu abin da kanel zai iya yi sai an shiga saitin BIOS an buɗe. Idan hanya a buɗe take, ka kunna bit na 13 na CR4, ka ware shafi ɗaya mai girman kilobayit 4, ka rubuta lambar bugun da ke cikin IA32_VMX_BASIC a farkonsa, sannan ka kira VMXON, umarnin da ke kunna VT-x, da ainihin adireshin shafin a ƙwaƙwalwa. Kowane zaren masarrafi yana bukatar nasa shafin da nasa VMXON, kuma a saba mai masarrafai biyu da zaruruwa da dama wannan abu ne da ake saurin mantawa.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne VMCS, wato shafin da yake riƙe halin baƙo, da halin mai masauki, da ƙa'idojin shiga da fita (fita ita ce dawowar iko daga baƙo zuwa mai masauki), da bayanin dalilin kowace fita. Ban da lambar bugu, ba a rubuta masa komai kai tsaye. Bayan an sa lambar bugu a farkonsa, sai a kira VMCLEAR da VMPTRLD, sannan a cika filayensa ɗaya bayan ɗaya da VMWRITE. A ra'ayina babban kuskuren masu farawa shi ne kwafo ƙimomin filayen sarrafawa daga aikin wani. Kowane masarrafi yana bayyana da kansa, a rajistoci 0x481 zuwa 0x484, bit ɗin da dole ya zama 1 da wanda bai yarda a kunna ba, kuma ƙimar da ta yi aiki a kan wani Xeon tana iya faɗuwa a kan wani. Ka rubuta ƙaramin aiki guda ɗaya da zai karɓi abin da kake so, ya daidaita shi da abin da masarrafi ya yarda da shi, ya kuma sanar da kai idan an hana ka wani abu da ba za ka iya yi ba sai da shi.

Baƙonka na farko kada ya wuce umarni biyu, CPUID da HLT mai tsayar da masarrafi, tare da kunna fita a kan HLT. Idan VMLAUNCH, umarnin da ke fara gudanar da baƙo, ta ƙi, ka duba tutocin sakamako: tutar CF tana nufin babu VMCS mai inganci a ɗore, tutar ZF kuma tana nufin akwai lambar kuskure da za ka karanta da VMREAD. Idan ta karɓa amma nan take aka dawo maka da dalilin fita na 33, to halin baƙon da ka rubuta bai cika sharuɗɗa ba, kuma galibi laifin yana cikin bayanan rajistocin sassa, musamman CS da TR. Idan komai ya daidaita za ka ga dalili na 10 na CPUID, sannan na 12 na HLT. Abubuwa biyu suna hannunka a kowace fita. Masarrafi ba ya adana rajistocin gama-gari na baƙo irin su RAX da RBX, don haka wurin saukar mai masauki dole ya fara da ƴan layukan harshen na'ura da za su ajiye su kafin komai ya taɓa su. Haka kuma bayan ka amsa CPUID a madadin baƙo, sai ka ƙara tsawon umarnin a kan RIP ɗinsa, rajistar da ke nuna umarnin da zai zartar, kafin VMRESUME mai mayar da shi bakin aiki, in ba haka ba zai yi ta maimaita tambaya ɗaya har abada.

Hanyar AMD ta fi sauƙin shiga. Ana duba bit na 2 na ECX a CPUID 0x80000001, a kunna bit na 12 na EFER, a ba da shafin ajiyar halin mai masauki ta rajistar VM_HSAVE_PA, sannan a cika VMCB, takwaran VMCS a AMD, kamar kowane tsarin bayanai a ƙwaƙwalwa, a kira VMRUN. Sai dai dole a kunna fita a kan umarnin VMRUN ɗin kansa a cikin VMCB, kuma lambar ASID, wadda ke bambanta adireshin baƙo da na mai masauki, ba za ta zama sifili ba.

Bayan baƙo ya fara numfashi sai maganar ƙwaƙwalwa. AMD ta kawo NPT tare da Opteron na Barcelona a 2007, Intel ta kawo EPT tare da Nehalem a 2008, kuma dukansu suna ƙara mataki na biyu na fassara adireshi, daga abin da baƙo yake ɗauka ainihin ƙwaƙwalwa ce zuwa ta gaskiya. Shawarata ita ce ka sharɗanta samun ɗayansu, kamar yadda bhyve ya yi, ka huta da wahalar riƙe kwafin teburan baƙo da hannu. Ka fara da tebur wanda babu komai a ciki, ka riƙa ba da shafi duk lokacin da fita mai dalili na 48 ta zo a Intel, wato baƙo ya taɓa adireshin da babu a teburin, bayan ka tabbatar adireshin yana cikin iyakar da ka yanka wa baƙon, domin shafi ɗaya na kanel da ya shiga teburin bisa kuskure ya isa ya ba baƙo iko da sabar gaba ɗaya. Idan kuma mai tsara ayyuka na kanel zai mayar da baƙo zuwa wani zaren masarrafi, dole a kira VMCLEAR a tsohon zaren kafin a ɗora VMCS ɗin a sabon.