Yadda ake sa gilashi mai launi a tagogin gidan zamani

Kafin ka nemi mai yankan gilashi, fara duba ta inda rana take shigowa gidanka. Wannan gilashi ba ya nuna kyansa sai haske ya ratsa shi, don haka in ka sa shi a tagar da katangar maƙwabci ta tare, ka yi asarar kuɗinka. Tagar gabas ta fi dacewa, saboda hantsi yana zubo launin a kan tayil da bango ba tare da zafi mai yawa ba. Shi ya sa da safe ake tururuwar kallon masallacin Nasirul Mulk na Shiraz a Iran, wanda aka kammala a 1888. Ta yamma kuwa ranar la'asar na dukanta, gilashi mai duhu kuma yana riƙe zafi.

Daga nan ka zaɓi taga ɗaya ko biyu, kada ka bi gida duka. Saman ƙofar falo, matakalar bene, banɗaki, da tagar da ke kallon titi, nan ne amfaninsa yake: haske ya shigo, mai wucewa kuma bai ga iyalinka ba. Ni dai na fi son dabarar mutanen San'a a Yaman. Suna yin 'yar taga mai siffar rabin wata a saman ta ainihi, su jera gilasai cikin jibsin (wani farin filasta), suna kiranta ƙamariyya. Ta ƙasa ana buɗe ta iska ta shiga, ta sama tana ba da launi. Ga ƙasa mai zafi irin tamu, wannan tsari ya yi.

Wajen zane, launi biyu ko uku sun isa, ka bar mafi yawan fili farin gilashi. Haka mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright na Amurka ya yi wa gidajen da ya zana. Dagin Arewa ma yana zama sosai. A zana shi a takarda daidai girman tagar, ka manna, ka ja baya ka duba kafin a yanka komai.

Ka tambayi mai aikin ko launin a cikin gilashin yake. Na gaske tun wajen narkawa ake haɗa shi da ma'adinai, kamar kobal mai ba da shuɗi, kuma ba ya koɗewa. Na sitika ya fi araha, amma rana tana cin sa har ya ɓanɓare. Da dalma ake haɗa yankakkun gilasan, in tagar babba ce a ƙara mata ƙarfe a baya don kada ta lanƙwashe.

A wajen kafawa, ka sa a rufe shi tsakanin fararen gilasai biyu masu ƙwari. Ƙurar hunturu ba za ta maƙale a layukan dalmar ba, yara ma ba za su taɓa ta ba, don guba ce. In a buɗe yake, tsumma mai laushi da ruwa kaɗan sun isa gogewa, ban da ruwan khal da sinadaran wanke gilashi masu ƙarfi.