Kurakuran da aka fi yi wajen nazarin zanen fure da kudan Bombus

Yawancin masu fara wannan nazari da idonsu suke yanke wa fure hukunci, su ce ba shi da zane. To ai ba don mu aka yi zanen ba. Kudan Bombus, ƙaton kudan zuman nan mai gashi buzu-buzu, yana ganin shuɗi da kore da hasken ultrabayolet wanda ya ɓuya ga idon mutum, ja kuwa da ƙyar yake gane shi. Furen da kake gani rawaya fes, a wurinsa tsakiyar na iya zama baƙi-baƙi kamar an ɗiga tawada. Kafin ka rubuta "babu zane", ɗauki hotonsa da kyamarar da ke kama wannan haske.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne zaton zanen ne ke kiran kudan tun daga nesa. Idonsa bai kai namu kaifi ba. Daga nesa girman fure da launinsa da ƙamshinsa ne ke jawo shi; layuka da ɗige-ɗigen sai ya matso dab suke fara aiki, su nuna masa inda zai sauka da inda zai zura harshe. Tun 1793 Bajamushen nan Christian Konrad Sprengel ya bayyana su a matsayin alamun da ke kai ƙwaro ga ruwan zaƙi. Saboda haka wanda ya zauna yana ƙirga sau nawa kudan ya zo, ya auna abin da ba shi ne ba. Ɗauki bidiyo, ka ƙirga daƙiƙoƙi daga saukarsa zuwa lokacin da harshen ya sami zaƙin. A nan bambancin fure mai zane da marar zane yake fitowa.

Sai masu gwaji da furen roba ko na takarda da ba sa goge shi. Kudan yana barin warin ƙafarsa duk inda ya taka, na bayansa ya sansana ya kauce, don ya san an riga an shanye. Kai kuma ka ɗora laifin a kan zane! Goge kowane fure da etanol, wato sinadarin alkohol na tsabtace kaya, bayan kowace ziyara, ka riƙa sauya musu wuri, don kudan akwai riƙe hanya. In da hali, yi gwajin da waɗanda ba su taɓa sauka kan fure ba, domin tsohon hannu da ya saba samun zaƙi a wani launi can zai nufa, da zane ko babu.